Shekarar da Na Fasa Injin Yayanku

Ranar sunan jaririn Auta, da yamma bayan baƙi sun ragu, muna zaune a tsakar gida ana cin ragowar waina, Hindatu ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce duk wanda zai yi wa Iya kyauta kada ya kuskura ya sayo mai danne-danne, in ba haka ba taɓarya ce za ta yi masa maraba. Kuka kwashe da dariya, har da surukai. Ni ma na dara. Amma na ga Yayanku ya ajiye kofin shayinsa, ya miƙe ya fita zaure, bai dawo ba sai da aka watse. Tun ranar na ce maganar nan ta isa haka. Ban damu a ce min 'yar ƙauye ba, ni da nake tura muku saƙon murya ta waya har kuna cewa na cika surutu. Abin da ya dame ni shi ne kuna dariyar abin da ba ku san tushensa ba. Babanku, Allah ya jiƙansa, ya yi min izinin faɗa muku bayan ransa, ni ce na yi ta jan ƙafa. To ku gyara zama.

Tsohon injin wankina kun san shi. Malam, Babanku, ya saye shi a hannun wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki, ba mu daɗe da tarewa a gidanmu na Dogo Tebo ba. Baki biyu gare shi, ɗaya na wanki ɗaya na matsa, da abin murɗawa a samansa. A zuba ruwa da bokiti, a watsa garin sabulu, a murɗa, sai ya kama ƙas-ƙas-ƙas yana komawa baya har ya tsaya da kansa. Ba zan rufa masa asiri ba, yana da halinsa. Ya cinye maɓallan riguna ba adadi. In ya fara matsa sai ya kama tafiya, sai na tokare shi da gwiwa. In na manta na taɓa shi ba takalmi, ya ɗan fizge ni in yi salati. Bel ɗinsa kuwa ya tsinke ya fi a ƙirga. Amma in aka ɗauke wuta, inda yake nan zai tsaya, in ɗaga murfi in kwashe kayana. In wutar ta zo rabi-rabi, irin wadda ƙwan fitila ke yin ja kamar garwashi, zai yi gurnani ya juya a hankali, amma dai zai juya. Ƙaramin janaretan Malam ma yana ɗaukarsa. A lungun banɗakina yake zaune, ba wanda ya san lokacin da nake kunna shi.

Kun san an yi wa Babanku aiki a mara, kun yi jinya, kun ga an sallame shi, kuka yi hamdala kowa ya koma gidansa. Abin da ba ku sani ba shi ne bayan aikin nan fitsari ya daina tsaya masa. Ɗigo ne, ba mai yawa ba, amma ba ya shawara da kowa. In ya yi tari, in ya sunkuya ruku'u, in ya yunƙura zai miƙe, sai ya ji. Ga shi ladanin masallacin unguwa tun kafin a haifi wasunku, wurinsa bayan liman a sahun farko. Ya san hukunci sarai, ya san mai lalura addini ya yi masa sauƙi. Abin da yake tsoro shi ne na kusa da shi a sahu ya ji wari, ya ɗan matsa gefe. Ranar da ya yi min maganar, bango yake kallo.

"Asabe, ina ganin zan ajiye ladancin nan."

"Saboda me?"

"Kin san saboda me. Ke kike wanke shimfiɗa."

"To tunda ni nake wankewa, ni ya kamata in ce na gaji. Ka ji na ce na gaji?"

Can ya ce abu ɗaya yake roƙona, kada yaran nan su sani, musamman babban. Ya ce in babban ya ji, zai kwashe shi daga wannan asibiti zuwa wancan, ya hana shi hawa matakalar masallaci, ya riƙa kallonsa da tausayi, shi kuwa tausayin ɗansa ne ba zai iya ɗauka ba. Na ce na ji, kuma na ɗauka.

Na fito da tsofaffin tawul na yayyanka, na ninka, na sa leda a tsakiya, na ɗinka musu igiya gefe da gefe yadda zai ɗaura a ƙarƙashin wando. Kafin kowace salla ya canza, ya yi tsarki, ya shafa turare ya fita. Ni kuma in jefa wanda ya cire a inji. Yatsuna a lokacin sun riga sun kama sanyi, ko zanen ɗaurawa ba na iya matsewa da hannu, saboda haka bakin matsan nan shi ne rufin asirinmu. Yana fito da ƙyalle kusan a bushe, in rataya a ƙarfen gado ƙarƙashin fanka, kafin wata salla ya yi. Ban taɓa shanya ko ɗaya a igiyar tsakar gida ba. Ku mata kun san halinmu, mace tana gaishe ki idonta yana ƙirga abin da ke kan igiyarki. Ga kuma Rabi matar Nasiru a sashensu, yarinyar kirki, kullum bakinta Iya kawo in wanke miki. A ce suruka ta ɗaga ƙyallen surukinta ta gane ko na mene ne? Da Malam ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige. Haka muka yi ta tafiya, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Ana saura kwanaki azumi Yayanku ya zo daga Damaturu inda yake aiki. Ya leƙo gaishe ni ya tarar da ni na tokare inji da gwiwa, zufa tana zuba, inji yana jijjiga ni har haƙora. Ya gaishe ni ya fita. Kun san tsakanina da shi ba doguwar magana, ɗan fari ne, gaisuwa ce da sa albarka, kowa kansa a ƙasa. Ba a yi mako ba sai ga mota a ƙofar gida da ƙaton kwali, da tanki, da mai haɗa famfo. Kafin in farga an fitar da tsohon an ba Maina, mai gyaran kayan wuta na unguwar Yerimaram. Sabon kuma aka girke shi a baranda, a sarari, don nan bututu ya fi sauƙin zuwa. Fari tas, ƙofarsa ta gilashi a gaba, fuskarsa duk fitilu da wuraren dannawa. Yayanku ya tsuguna yana nuna min, murna fal fuskarsa, rabon da in ga haƙoransa haka tun yana ƙarami.

"Iya, yanzu ba ɗaukar bokiti, ba tokara da gwiwa. Ki zuba, ki danna nan, ki je ki huta."

Na ce Allah ya yi albarka, Allah ya ba shi masu yi masa. Kuma wallahi har zuciyata na faɗa.

Gaskiya ɗaya ce, sabon ya fi tsohon wanke kaya. Fararen rigunan Malam sai da suka koma kamar ranar da aka ɗinko su. Amma abin yana da ra'ayi. In ruwan tanki ya yi ƙasa ba zai tashi ba, sai ya rubuto wasu haruffa ya tsaya yana kallona. In ya tashi kuma ba ya sauri, sai in dafa abinci in sauke yana nan yana juyi. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita, wani lokaci ya ci gaba, wani lokaci ya koma farko. Ƙofar kuma da zarar ya fara ya kulle ta, ko me za ki yi sai ya ga dama. Babban abin haushin, in ya gama sai ya rera wata 'yar waƙa da duk gidan za a ji. Nan take Rabi za ta leƙo ta ce, Iya injinki ya yi kira, in kwashe miki? Sai in taso da gudu da tsufana ina cewa bar shi, bar shi. Da na ga abin zai tona mu, sai na daina wanki bayan kowace salla. Na koma tara ƙyallayen a bokiti mai murfi, in wanke su gaba ɗaya da hantsi lokacin da Rabi take tafiya Islamiyya.

Wata Juma'a na zuba su duka, na danna. Ya sha ruwa ya yi kumfa ya fara juyi. Sai wuta ta kama rawar da ta saba, ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, sannan ta dawo da ƙarfi har fanka ta yi kuka. Na ji ɗas, na ji ƙaurin roba, fitilun fuskarsa suka mutu. Na danna ko'ina, shiru. Na tayar da janareta, shiru. Na ja ƙofa har yatsuna suka yi tsami. Ga ƙyallaye ina ganinsu ta gilashi suna kwance cikin kumfa, ba halin taɓawa. Na jikin Malam shi kaɗai ya rage, shi ma ya jiƙe tun safe. Na ninka masa wani tsohon zane na ce ya gwada. Ya yi wanka, ya sa farar babbar riga, ya ɗauki darduma ya fita. Ina jin tarinsa a zaure. Sai ga shi ya dawo yana tafiya a hankali, ya riƙe gaban rigar nesa da jikinsa. Ya zauna a bakin gado. Lasifikar masallacin Juma'a tana shigowa ta taga, liman ya fara huɗuba.

"Tun ina saurayi ban taɓa jin huɗuba daga kan gado ba," in ji shi.

Bai yi kuka ba. Da ya yi ma da ya fi min sauƙi. Ya zauna ne kawai hannayensa a kan gwiwa har aka sallame, sannan ya tashi ya yi azahar a ɗaki.

Rabi ta ga ina ta fama da ƙofa ta ce a kira Maina mana ya buɗe. Maina! Mutumin da ake ce wa Maina Rediyo, kuma ba don yana gyaran rediyo ba. Abin da ya gani da safe, kafin la'asar 'yan tasha sun ji. Na ce mata ba komai, ta ɗauki napep ta kai wa ƙanwata saƙo unguwar Yindiski. Tana fita na sa sakata, na shiga kicin na ɗauko taɓarya. Na tsaya a kan abin nan na tuna fuskar Yayanku ranar da ya kawo shi, na ce Allah ka gani. Na daki mariƙin ƙofar har sai da ya tarwatse. Ruwan kumfa ya malalo ya cika baranda. Na kwashe ƙyallayen na kai banɗaki na ɗauraye, amma matsa ta gagare ni. Sai na ji Malam a bayana ya naɗe hannun riga. Mutumin da ko hularsa bai taɓa wankewa ba! Ya kama baki ɗaya na kama ɗaya, ya murɗa dama na murɗa hagu, ruwa yana zuba a ƙafafunmu. Ya ce ashe aikin nan da wuya. Na ce yo da ka ɗauka aljanu ke yi maka? Muka yi ta dariya mu biyu kamar yara, har sai da na zauna a kan bokiti. Na bi su da dutsen guga na gawayi, da magariba ta yi muryarsa ce ta fito daga masallaci.

Washegari na hau napep zuwa Yerimaram. Na tarar da tsohon injina a bayan shagon Maina, kaza ta yi ƙwai a bakin matsan. Na ce ya kore ta ya ɗauko min abina. Ya biyo ni gida da shi, ya ga sabon, ya riƙe baki.

"Hajiya! Wa ya yi wannan aika-aika?"

"Ni."

Ya tsuguna ya ɓalle wani ɗan murfi a can ƙasa, ya jawo wata 'yar igiya ya nuna min.

"Ai da wannan kika ja, da kanta za ta buɗe."

"To wa ya faɗa min? Shi injin da ya iya waƙa, me ya hana shi faɗa?"

Ya buɗe sama ya zaro wani faranti kore da ya yi baƙi a gefe, ya ce wannan shi ne fanel, shi ne ƙwaƙwalwar injin, kuma ya ƙone. Ya ce irin wannan ba a gyara shi, sai dai a aika Kano a nemo sabo, in an dace da irinsa. Tsohon kuwa agogo ne kawai a cikinsa, da sifirin da 'yan haƙora, in sun cinye a ciro na wani mataccen a sa. Ya ce shi bai ga laifin sabon ba, a gidan da wuta take tsaye ko aka haɗa masa sitabilaiza mai daidaita wuta zai yi shekaru yana aiki, wutarmu ce ba ta da tarbiyya. Ya ce in bari ya yi wa Alhaji, wato Yayanku, waya a sayo fanel da ƙofa. Na ce ko an gyara ba na so, ya mayar min da tsohon injina lungun banɗaki. Ya mayar, ya sa sabon bel, na murɗa, ya kama ƙas-ƙas ɗinsa.

Maina kuwa bai ba ni kunya ba. Kafin sati labari ya kai Damaturu cewa Hajiya ta sa taɓarya ta farfasa injin da ɗanta ya saya mata, ta je ta ƙwato tsohon daga hannun kaza. Yayanku ya zo. Ya tsaya a baranda ya daɗe yana kallon ƙofar da ke reto. Malam yana zaune a kan tabarma, ni ina bakin ƙofar ɗaki.

"Baba, me ya faru?"

Na ga Malam ya buɗe baki zai yi magana. Na san abin da zai fito. Na riga shi.

"Ni na fasa. Ba na son sa."

"Iya, ai da kin faɗa min, sai in canza miki wani."

"Da ma ban ce ka sayo ba."

Ina faɗa na ga inda maganar ta sauka. Ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya huci zuciyarki, Iya. Ya kira yara suka ɗora injin a mota. Daga ranar bai fasa zuwa ba, bai fasa gaisuwa ba, bai rage komai na hidimar gida ba. Amma bai ƙara miƙo min wani abu da hannunsa ba, ko goro, sai dai matarsa ta kawo. In ya zo, gaisuwa a tsaye daga bakin ƙofa, sai ya koma zaure wajen Babanku. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Na sha shiga banɗaki in kunna inji don kada a ji kukana. Malam ya sha cewa in bari ya faɗa masa. Na ce a'a, in ka faɗa ba za ka ƙara iya haɗa ido da shi ba, ni kuwa uwarsa ce, fushinsa da ni ba inda zai je. Na ɗauka abin na 'yan watanni ne, sai ga shi ya ɗauki shekaru. Duk da haka, da za a mayar da ni Juma'ar nan, taɓaryar zan sake ɗauka. Tsohon injin ya ci gaba da aikinsa, sau ɗaya Maina ya canza masa agogo, Babanku kuma bai ƙara rasa jam'i saboda wanki ba.

Ranar da Allah ya karɓi abinsa, kun sani, da hantsi ne, yana zaune da abokansa a ƙofar masallaci, ya jingina da bango, shi ke nan. Maza suka ɗauko shi suka shimfiɗe a ɗakin zaure suka rufe shi da mayafi. Gida ya cika. Mata sun kewaye ni ana ta salati, ni kuwa ban da mutuwar akwai abin da ke cin raina. Ƙyallen da na ɗaura masa da safe yana jikinsa. Zaure cike da maza, ba hanyar da zan bi. Liman da mutanensa suna jiran babban ɗa ya iso a yi wanka, kuma su ne mutanen da ya yi shekaru yana tsayawa kafaɗa da kafaɗa da su a sahu. Na ce a raina, ashe duk wahalar nan a ƙarshe a gabansu za a kwance shi.

Da na ji an ce Yayanku ya iso, na aika Hindatu ta kira min shi. Ya shigo idonsa jajir, ya tsuguna daga bakin ƙofa yadda ya saba. Na ce ya matso. Ya matso. Na ce ya ƙara matsowa, har sai da kunnensa ya zo kusa da bakina.

"Kai za ka cire masa kaya. Kai kaɗai. Kada kowa ya shiga sai ka gama."

Ya ɗago ya dube ni, bai tambayi dalili ba, ya tashi ya fita. Daga baya na ji cewa ya roƙi liman su ba shi wuri, ya tura ƙofa. Ya ɗan jima a ciki. Sai ga shi ya ratso ta cikin mata, hannunsa ɗaya a cikin babbar riga. Ya durƙusa a gabana, gab da ni, ya zaro wani ɗan ƙunshi da ya naɗe da hularsa, ya tura ƙarƙashin dardumar da nake zaune a kai.

"Ba wanda ya gani, Iya."

Na gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka kawo injin."

Sai ya kifa goshinsa a kan gwiwata, ƙato da shi da furfurarsa, ya fashe da kuka har kafaɗunsa suna rawa. Na ɗora hannu a kansa. Matan da ke ɗakin suka yi ta ba shi haƙuri, suna cewa rashin uba sai haƙuri, Alhaji, kowa haka ya ɗanɗana. Na bar su a haka.